'Yan Sandan Najeriya a Ayyukan Wanzar da Zaman Lafiya a Ƙasashen Waje

Najeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba 'yan sandanta suka fara aiki a ƙasar da ba tasu ba. Kwango ta karɓi mulkin kanta daga hannun Beljiyam ranar 30 ga Yuni, 1960, kuma ba a yi mako guda ba sojojin ƙasar suka yi wa hafsoshinsu Turawa bore, bayan wasu kwanaki lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle a ƙarƙashin Moise Tshombe, gwamnatin Patrice Lumumba kuma ta nemi agajin Majalisar Ɗinkin Duniya. Rundunar da Majalisar ta kafa, wadda aka sani da ONUC, ita ce ta farko da aka haɗa da 'yan sanda a cikinta. Ghana ce ta fara tura nata, sannan na Najeriya suka biyo baya, suka yi aikin sintiri da kula da doka a biranen da hukumar tsaronsu ta wargaje. Daga wancan lokaci zuwa yau an ga kakin ɗan sandan Najeriya a Namibiya da Kambodiya da Bosniya da Kosobo da Timor ta Gabas da Saliyo da Laberiya da Haiti da Darfur da Mali da Gini Bisau da Somaliya, wasu a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu a ƙarƙashin Tarayyar Afirka ko ECOWAS.

Duk da wannan dogon tarihi, idan ana hirar wanzar da zaman lafiya soja ake tunawa, musamman a Najeriya inda labarin ECOMOG, rundunar sojan ECOWAS, a Laberiya da Saliyo ya shige wa kowa rai. Amma aikin soja yana da iyaka. Soja yana iya shiga tsakanin rundunoni biyu, ya tsare filin jirgin sama, ya karɓi makamai daga hannun mayaƙa. Washegarin ranar da bindiga ta yi shiru kuwa, sai wata irin matsala ta taso: tsofaffin mayaƙa da ba su da sana'a sun koma fashi, an mamaye gidajen waɗanda suka yi gudun hijira, an fasa gidajen yari, alƙalai sun tsere, 'yan sandan ƙasar kuma ko dai sun watse ko kuma su ne jama'a suka fi tsoro domin da su aka yi zaluncin da ya haddasa yaƙin. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya ganin shugaban ƙasa, ba ya ganin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a babban otal. Gwamnatin da yake gani ita ce mutumin da ke zaune a kan benci a caji ofis, wanda zai rubuta ƙararsa ko ya kore shi. Idan wannan mutum bai canza ba, to a wurin talaka yaƙin bai ƙare ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki shekaru kafin ta gane nauyin wannan lamari. A Namibiya, a 1989, aikin 'yan sandanta kimanin 1,500 shi ne sa ido kawai: su bi 'yan sandan da Afirka ta Kudu ta kafa duk inda suka shiga, su rubuta abin da suka gani, domin kada a tsorata masu zaɓe kafin ƙuri'ar watan Nuwamba wadda ta kai ƙasar ga 'yancin kai a Maris na 1990. Ba su da ikon kama kowa. A Bosniya bayan yarjejeniyar sulhu ta Dayton ta 1995 aka ƙara musu aikin tantance 'yan sandan gida da horar da su. A 1999 kuwa abin ya kai matuƙa, domin a Kosobo da Timor ta Gabas babu wata hukuma da ta rage, don haka aka ba 'yan sandan ƙasa da ƙasa cikakken iko na kamawa da tsarewa da bincike, wato su ne 'yan sandan ƙasar har zuwa lokacin da aka gina sababbi. Rahoton kwamitin Lakhdar Brahimi na shekarar 2000 ya ce a daina kallon ɗan sanda shi kaɗai, a riƙa tura shi tare da masana shari'a da na gidajen yari, tun da kama mai laifi ba ya da amfani idan babu kotun da za a kai shi. Sai a 2014 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na farko da ya keɓanta ga aikin 'yan sanda, mai lamba 2185, fiye da shekaru hamsin bayan Kwango.

Hanyoyi biyu ne ɗan sanda ke bi ya tafi irin wannan aiki, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ga duk wanda ke son fahimtar ribar da ake samu. Hanya ta farko ita ce ta jami'an da ke tafiya ɗaiɗai, kowa da ƙwarewarsa, ko binciken manyan laifuka ko koyarwa ko tsara ayyukan ofis. Kafin a ɗauke su, wata tawagar Majalisar kan zo har gida ta yi musu jarrabawa a harshen aikin, Ingilishi ko Faransanci, da rubuta rahoto da tuƙin mota, da harbi idan aikin na riƙe makami ne. Wanda ya ci sai a tura shi, yawanci na shekara guda, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yan sandan ƙasar da ya je yana nuna musu aiki, kuma alawus ɗinsa na zama Majalisar ce ke biyansa kai tsaye a hannunsa. Hanya ta biyu ita ce ta rukunin da ke tafiya a dunƙule, kimanin mutum 140 ko sama da haka kaɗan, da kwamandansu da motocinsu masu sulke da makamansu da likitansu da masu dafa musu abinci. Aikinsu kwantar da tarzoma da rakiyar ayari da tsaron sansanonin 'yan gudun hijira da ma'aikatan Majalisar, wato abin da ya fi ƙarfin ɗan sanda mai kulki amma bai kai a kira soja da tankar yaƙi ba. A Kosobo aka fara gwada wannan tsari, kuma ya dace da Najeriya sosai domin ta daɗe da rundunar 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda aka fi sani da mobayil.

Kuɗin wannan rukuni ba hannun jami'i yake shiga ba. Majalisar tana biyan gwamnatin ƙasar da ta tura su wani adadi a kan kowane mutum a kowane wata, wanda ya daɗe yana kan dala 1,028 kafin a ɗaga shi zuwa 1,332 a 2014, sannan ya kai 1,448 a 2022. Bayan haka akwai wani kuɗin daban na hayar kayan aikin da rukunin ya zo da su, wanda ake biya bayan masu bincike sun duba sun tabbatar motocin suna tashi, na'urorin sadarwa suna aiki, idan kuma an samu gibi a yanke. Abin da zai kai ga jami'in daga cikin wannan kuɗi, da lokacin da zai kai, ya rage ga gwamnatinsa. A nan ne ƙorafe-ƙorafe suka fi yawa a ƙasashe da dama da ke ba da gudummawa, domin Majalisar kanta tana jinkirin biya idan manyan ƙasashe ba su zuba kasonsu ba, sannan kuɗin sai ya bi ta ofisoshin gida kafin ya isa.

Laberiya ce wurin da aka fi ganin tsawon numfashin wannan aiki. Bayan Charles Taylor ya bar mulki ya zo gudun hijira Kalaba a watan Agustan 2003, aka kafa rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UNMIL, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukanta shi ne sake gina rundunar 'yan sandan ƙasar kusan daga tushe: a tantance tsofaffi, a sallami waɗanda hannunsu ya ɓaci, a ɗauki sababbi a horar da su. Kafin sababbin su tsaya da ƙafafunsu, rukunonin ƙasashen waje ne ke fita idan zanga-zanga ta ɓarke a Monrobiya ko rikici ya tashi a gonakin roba, kuma na Najeriya suna cikinsu tun shekarun farko har zuwa dab da rufe aikin a Maris na 2018. A tsawon wannan lokaci Laberiya ta yi zaɓukan shugaban ƙasa uku, na 2005 da 2011 da 2017, na ƙarshen kuma ya kai ga miƙa mulki daga Ellen Johnson Sirleaf zuwa George Weah ba tare da an zubar da jini ba. Ba za a ce 'yan sanda ne suka haifar da wannan ba, amma zaɓe a ƙasar da ta fito daga yaƙi yana iya rushewa a kan taron mutum ɗari biyu da aka buɗe wa wuta, kuma hana faruwar hakan shi ne ainihin aikin da aka tura su yi.

Sauran wuraren ba su yi daɗin haka ba. A Haiti, lokacin tarzomar tsadar abinci ta watan Afrilun 2008, an harbe wani ɗan sandan Najeriya har lahira a birnin Port-au-Prince. A Darfur, inda UNAMID, rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, ta yi aiki daga 2007 zuwa ƙarshen 2020, babu cikakkiyar yarjejeniyar sulhu da za a kiyaye, gwamnatin Omar al-Bashir kuma tana hana biza da riƙe kaya a tashar jiragen ruwa, don haka babban abin da aka iya yi shi ne sintiri a sansanonin 'yan gudun hijira da raka mata idan za su fita neman itace, domin a can ne ake tare su a yi musu fyaɗe. A Somaliya kuwa, inda rukunin Najeriya ya isa Mogadishu a 2012 a ƙarƙashin AMISOM, rundunar Tarayyar Afirka, ɗan sanda yana koyar da binciken laifi ne a birnin da Al-Shabaab ke tayar da bam a mahadar hanya. A irin waɗannan wurare kalmar wanzar da zaman lafiya suna ce kawai, domin zaman lafiyar da za a wanzar bai samu ba tukuna.

Akwai abin da ke ɗaure wa 'yan Najeriya kai a wannan batu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa ana ganin hoton jami'an ƙasar a jere ana maƙala musu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana yaba ladabinsu da ƙwazonsu, alhali rundunar da suka fito daga cikinta ita ce wadda matasa suka cika tituna a kanta a watan Oktoban 2020 har aka rushe sashen SARS, kuma ita ce direbobi ke kuka da ita a shingayen hanya. Wasu kan ce ai zaɓaɓɓu ake turawa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin jarrabawar tana tace mutane. Amma tacewa ba ta isa ta bayyana komai ba, musamman ga rukunin mobayil wanda mutanensa su ne dai waɗanda aka saba gani a gida. Abin da ya canza shi ne yanayin da aka sa su. A can jami'i yana da wurin kwana mai tsabta da abinci sau uku, motar sintiri tana da mai ba sai mai ƙara ya saya ba, akwai takarda da alƙalami da na'urar sadarwa, an rubuta masa dalla-dalla lokacin da zai iya amfani da ƙarfi da lokacin da ba zai iya ba, kuma yana aiki ne a gaban idon abokan aiki daga ƙasashe ashirin ko talatin waɗanda ba su da dalilin rufa masa asiri. Sama da duka, yana da abin da zai yi asara: idan ya karɓi na goro aka kama shi, za a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, ya rasa kuɗin da watakila ya yi niyyar gina gida da shi, kuma ba zai sake samun irin damar ba.

A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada da waɗannan ayyuka suka bayar, kuma shi ne wanda aka fi yin watsi da shi. An ɗauki mutum ɗaya an gwada shi a tsari biyu, sakamakon ya bambanta, don haka hujjar masu cewa lalacewar ɗan sanda hali ne da ba ya gyaruwa ta yi rauni. Ruwa ba ya tsami banza. Albashi da kayan aiki da sa ido da tabbacin hukunci su ne suka haɗu suka samar da jami'in da ake yabo, kuma babu ɗaya daga cikin huɗun da ya fi ƙarfin ƙasa mai arzikin Najeriya idan da niyya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta rubuta abubuwa da yawa masu kyau game da haƙƙin wanda aka kama, amma doka a takarda ba ta zuba mai a mota.

Kada kuma a ɗauka cewa duk wanda ya sa shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya ya zama waliyyi. A 2005 Najeriya ta janye rukuninta na 'yan sanda kimanin 120 daga Kinshasa bayan zargin lalata da aka yi wa wasu daga cikinsu, a daidai lokacin da badaƙalar cin zarafin mata da 'yan mata a Kwango ta girgiza Majalisar baki ɗaya, kuma ta shafi dakarun ƙasashe da dama. Janyewar ta nuna cewa an ɗauki zargin da muhimmanci, amma ta kuma tona babban gibin da ke cikin tsarin. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da kotun da za ta gurfanar da ɗan sanda ko soja. Iyakarta ta bincika, ta kore shi, ta miƙa takardunsa ga ƙasarsa. Yarinyar da aka zalunta tana Kwango, shaidu suna Kwango, wanda ake zargi kuma ya koma nisan dubban kilomita inda babu mai bibiyar shari'ar. Ƙuduri mai lamba 2272 na 2016 ya ba Babban Sakatare ikon mayar da rukuni sukutum idan aka samu shaidar cewa abin ya zama ruwan dare a cikinsa, sai dai hukunta mutum ɗaya ɗaya har yanzu yana hannun gwamnatocin gida. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake matsa wa ƙasashe su ƙara yawan mata, musamman tun da Indiya ta tura rukunin mata zalla zuwa Laberiya a 2007, domin macen da aka yi wa fyaɗe ta fi iya buɗe baki ga 'yar'uwarta mace.

Masu adawa da tura 'yan sanda waje suna da tambayar da ba za a raina ba: ƙasar da 'yan bindiga ke kwashe ɗalibai daga makaranta, ƙauyuka da yawa kuma ba su da ko ofishin 'yan sanda ɗaya, da wane dalili za ta aika jami'anta su tsare Mogadishu? Ai sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa. Amma idan aka duba lissafi, hujjar ba ta da nauyin da ake zato. Rundunar ba ta kai mutum 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, wannan ƙaranci ne na gaske, sai dai waɗanda ke waje a kowane lokaci 'yan ɗaruruwa ne. Waɗanda ke gadin manyan mutane da riƙe musu jaka sun ninka su nesa ba kusa ba, kuma Sufeto Janar bayan Sufeto Janar sun sha ba da umarnin janye su, abin yana komawa yadda yake. Asarar da ta fi damuna tana faruwa ne bayan dawowa, lokacin da jami'in da ya shekara yana koyon adana shaida da yi wa wanda ake zargi tambayoyi ba tare da duka ba ya koma inda ya fito, a ƙarƙashin shugaban da bai tambaye shi abin da ya koyo ba, cikin ofishin da ba shi da kayan da zai yi aiki da ilimin. Gwaninta irin wannan tana amfani ne idan an tattara masu ita a kwalejojin horarwa da sassan bincike an ba su iko, in ba haka ba sai ta tsaya a takardar shaida da ke rataye a bango.

Ta fuskar diflomasiyya kuwa ribar a fili take. Najeriya ta zauna a kujerar wucin gadi ta Kwamitin Sulhu sau biyar, na ƙarshe a 2014 zuwa 2015, kuma duk lokacin da ta nemi ɗaya daga cikin kujeru biyu na dindindin da Afirka ke nema tun matsayar da Tarayyar Afirka ta cimma a 2005, wadda aka sani da matsayar Ezulwini, tarihin wanzar da zaman lafiya shi ne hujjar da take fara gabatarwa. Amma wannan jari yana raguwa. Rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya sa ƙasar ta ja da baya, ƙasashe irin su Senegal da Ruwanda da Masar suka shige gabanta wajen yawan 'yan sanda. Harshe ma ya taka rawa, domin wasu daga cikin manyan ayyukan da suka rage a nahiyar, irin na Kwango da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a ƙasashe masu amfani da Faransanci suke, kuma mai ba da shawara da ba ya jin harshen wanda yake ba shawarar sai ta bakin tafinta rabin aiki yake yi.

Fagen kansa ma yana ƙanƙancewa. An rufe aikin Laberiya a 2018, na Darfur a 2020, na Mali kuma a ƙarshen 2023 bayan gwamnatin soja ta Bamako ta ce su tattara su fita. Amurka, wadda ke da kaso mafi girma na kasafin, ta daɗe ba ta biyan cikakken abin da aka ɗora mata, kuma a 2025 ƙarancin kuɗi ya tilasta wa Majalisar shirin rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dakarunta. Abin da ke maye gurbin tsohon tsari shi ne rundunonin da wata ƙasa ko ƙungiyar yanki ke jagoranta da amincewar Kwamitin Sulhu. Kenya ta gwada wannan a Haiti: Kwamitin ya amince a Oktoban 2023, wata babbar kotu a Nairobi ta taka birki a Janairun 2024 tana cewa babu yarjejeniyar da doka ta tanada tsakanin ƙasashen biyu, aka sa hannu a yarjejeniyar, rukunin farko ya sauka a watan Yuni, amma rundunar da aka tsara za ta kai mutum 2,500 ba ta kai ko rabin haka ba domin kuɗin na sa-kai ne. A Somaliya ma haka zancen yake. Tarayyar Turai ce ta daɗe tana biyan alawus ɗin dakarun Tarayyar Afirka, ta kuma zaftare kashi 20 cikin 100 a 2016. Ƙuduri mai lamba 2719 na Disambar 2023 ya buɗe ƙofar a riƙa biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan rundunoni daga asusun Majalisar, amma da aka zo amfani da shi a kan AUSSOM, sabuwar rundunar Tarayyar Afirka a Somaliya, wadda ta fara aiki a Janairun 2025, Amurka ta ƙi amincewa, rundunar kuma ta fara aiki da bashin da ta gada daga wadda ta gabace ta.